Lai'atu Zamani da Harshen Meshak na Godogodo

Haihuwa da Karatu

An haifi Lai'atu Zamani a garin Manchok a shekarar 1934, ita ce 'yar fari a wurin Zamani, manomi kuma dattijon ikilisiya, da matarsa Clara. Ta shiga makarantar mishan ta garinsu a 1943, inda malamai suka shaide ta da kaifin basira da kuma rashin haƙuri da mai jan magana, halin da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. A 1952 aka ɗauke ta koyon aikin jinya, ta kammala a 1956.

Aiki da Aure

A wannan shekarar ta kama aiki a wani asibitin mishan da ke gefen Kafanchan, kuma a 1958 ta auri Bartholomew, ma'aikacin reluwe, mutum mai sanyin hali wanda ya bar mata faɗan gidan duka. A 1971 aka ɗora ta a kan ɗakin masu matsanancin ciwo, waɗanda numfashi ke neman gagara. A nan ta shahara wajen kula da masu kumburin harshe. Ba ta yarda a kwantar da irinsu rigingine, domin harshen kan koma baya ya toshe hanyar iska. Takan sa a jingine su a zaune, a zura musu bututun iska ta hanci, a naɗe ƙyalle mai tsabta a saƙa tsakanin haƙora don kada su ciji harshen, sannan a riƙa jiƙa shi da auduga saboda kada ya bushe ya tsage.

Al'amarin Meshak

A daminar 1978 aka kawo wani manomin citta daga Godogodo mai suna Meshak, ana zaton ciwon haƙarƙari ne ke damunsa, yana numfashi da ƙyar. Lai'atu ta yi masa tambayoyi, bai amsa ko ɗaya ba. Sai matarsa Afiniki ta ce, "Sista, harshe ne fa. Harshe ne ya hana shi magana da ku." Lai'atu kuwa ta saba karɓar mutanen ƙauyuka waɗanda ba su jin Hausa, kuma a Hausar majami'a da ta tashi da ita harshe shi ne yare. Don haka ta aika a nemo tafinta, ta bari aka kwantar da shi, ta wuce ga wani majinyacin. Ba ta duba bakinsa ba.

Kafin tafinta ya iso ta ji wani irin minshari daga gadonsa, ga kuma idanunsa a buɗe. Da ta buɗa bakin sai ta tarar harshen ya cika shi fal, sakamakon ruɓaɓɓen haƙori da ya tara mugunya a ƙarƙashinsa, leɓunansa har sun fara sauya launi. Nan take ta tayar da shi zaune, ta zura bututu, ta tallafe muƙamuƙinsa da hannuwanta har likita ya zo ya huda maƙogwaro ya buɗa wa iska wata hanya. Da allurar fenisilin da jinya ba dare ba rana kumburin ya sace, Meshak ya rayu. Sai dai an sallame shi muryarsa ba ta dawo ba, ko raɗa ba ya iyawa, kuma likita bai yi alkawarin za ta dawo ba.

Wannan abu ya tsaya wa Lai'atu a rai ƙwarai, domin tana ganin jinkirinta ne ya jawo. Daga lokacin ta kafa doka a ɗakin cewa duk wanda aka kawo ba ya magana, a duba bakinsa kafin a tambayi yarensa. Duk ɗan Godogodo da ya zo asibiti kuwa sai ta tambaye shi ko Meshak ya fara magana, amsar kullum ita ce tukuna.

Rasuwa

Lai'atu ta rasu a watan Maris na 1979 sakamakon hawan jini, tana da shekara arba'in da biyar. An binne ta a maƙabartar ikilisiya ta Manchok. A bakin kabari, bayan fasto ya gama huɗuba, Meshak ya fito daga cikin jama'a ya nemi izinin yin addu'a, ya kuwa yi ta da shaƙaƙƙiyar murya wadda ta dawo masa makonni kaɗan kafin nan, cikin Hausa tsantsa da ba ta buƙatar tafinta. Labarin bai riski Lai'atu ba.

Ta rasu ta bar mijinta Bartholomew da 'ya'ya huɗu: Gregory, Emilia, Alexander da Catherine.