Gaisuwar da ta cinye mini lokacin magana

Shekarun baya, muna sabbin tarewa a garin Bowie, can ƙasar Turawa, 'yata ta shiga ƙungiyar makaɗan makarantarsu, wadda suke kira okestira, ta ɗauki goge irin na Turawa. Da farko ƙararsa kamar ana jan ƙofa mai tsatsa, amma a hankali hannunta ya faɗa.

Yarinyar tana jin Hausa, sai dai da Turanci take amsawa. Mahaifiyata kuwa tana Maraɗi, Turanci ko na rantsuwa babu. In na haɗa su a waya ta bidiyo, daga "ina kwana" sai kallon-kallo. Gogen nan ne ya ba su abin hira: jika ta goga, kaka ta bi da waƙa.

Kwatsam aka ce hukumar ilimin yankinmu za ta soke okestirar don tsimin kuɗi. Iyaye suka shirya zuwa zaman jin ra'ayin jama'a, ni ma na bi. Malamar kiɗan ta ja mini kunne cewa lokaci kaɗan ake ba kowa, da fitila ta yi ja an gama. Na ce mata ni direban tasi ne, ba za a koya mini jar fitila ba.

Da na tsaya gaban manyan nan, sai tarbiyya ta motsa. Yaya zan roƙi mutum ban gaishe shi ba? Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ya aiki, ya iyali, ya gajiya. Ina kan na ƙarshe fitila ta yi ja. 'Yata ta rufe fuska da tafin hannu, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Shugabar zaman, wata dattijuwa, ta yi murmushi ta ce iyalinta lafiya lau, ta gode, amma me ke tafe da ni?

Na ce, "Ranki ya daɗe, da wannan goge kaɗai 'yata ke magana da kakarta. In kun karɓe shi, shiru za su koma."

Ba a soke okestirar ba. Iyaye da yawa sun fi ni tsara zance, don haka ba na cika baki. Abin da na koya shi ne in gaisa a taƙaice, amma ban daina ba.

Har yau duk Lahadi akan jingina waya a jikin butar shayi, tsohuwa ta gyara zama ta ce, "To 'yar nan, goga mini ta rannan."