Mai Ɗumi da Doguwar da ta kasa yafe mata

Kowace safiya, kafin ta taɓa kowa a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya, sai ta tsaya gaban famfo ta sakar wa hannuwanta ruwan ɗumi. Sannan ta ɗumama ruwan wankin ciwo, ta bi gado gado tana tambayar kwanan jiki. Daga nan sunan Mai Ɗumi ya bi ta, har ƙananan ma'aikata ba su san na yankanta ba. A wannan watan take ajiye aiki, kuma in ana neman mai ba da shaida a kanta, ba a wuce Doguwa, abokiyar aikinta, wadda ta yi shekara da shekaru tana jin haushinta.

Tare aka ɗauke su aikin jinya. Doguwa ta fi ta sauri, ta fi ta iya nemo jijiya, ta fi ta baki. Da likitoci suka zo da tsarin ɗumama ɗinki, wato a ɗora wani ƙyalle mai waya a ciki bisa bandejin ƙirji don jini ya riƙa gudana sosai a wurin, naman ya kama juna, kowa ya noƙe. Aikin zama ne. Sai ka jona shi da wuta, ka riƙa duba fata kada ta ƙone, ka cire, an jima ka dawo ka sake. Doguwa ta ce ita nas ce, ba kaza mai kwanci ba. Mai Ɗumi ta yi dariya ta karɓa.

Abin da ya biyo baya ne ya tsaya wa Doguwa a rai. In numfashin mutum ya sarƙe, ita ce ta fari a kansa, amma ranar sallama dangi sai su wuce ta suna tambayar ina Mai Ɗumi. Wani tsohon tela ya taɓa cewa shi ya san ɗinki: na ƙirjinsa likita ne ya yi, amma wannan baiwar Allah ce ta yi masa guga. Aka yi ta dariya, ban da Doguwa, wadda ta ɗauki tirenta ta fice. Ta sha gaya wa sababbin ma'aikata cewa mutane ba su san aiki ba, lallashi kawai suka sani.

Ana nan sai ciwon zuciya ya kwantar da mijin Doguwa. Aka yi masa aiki lafiya, aka kawo shi ɗakinsu. Amma yana da ciwon suga, sai ɗinkin ya ƙi kamawa, gefensa ya yi ja yana tsattsafar da ruwa. Likita ya ce in bai gyaru ba, za a mayar da shi ɗakin tiyata a sake buɗewa. Doguwa ta hana kowa zuwa kusa da gadon. Ita ke wankewa, ita ke ɗora ƙyallen, sai dai ciwon ya ƙi sauƙi. Wata rana da hantsi mijin ya riƙe mata hannu.

"Maman yara, kada ki ji haushi," ya ce. "Ki kira min ita."

Ta shige ɗakin ajiyar magani ta daɗe tsaye tana kallon kwalabe. Da ta fito, ta sami Mai Ɗumi tana naɗe bandeji.

"Yaya, mijina," iyakar abin da ya fito daga bakinta ke nan.

"Tun jiya nake jira ki ba ni hanya."

Daga ranar Mai Ɗumi ta tare a gefen gadon. Tana ɗumama ƙirjin, tana ɗumama ƙafar da aka ciro jijiya don aikin zuciyar, tana bin maganin da likita ya rubuta, tana hana shi shayi mai zaƙi da wasa da dariya. Doguwa kuwa tana bakin ƙofa tana kallon mutumin da ya ƙi yi mata murmushi tun da aka kwantar da shi yana ƙyaƙyata dariya, hannu dafe da matashin kai a ƙirji. Ta ji daɗi, ta ji zafi, ta rasa wanne ya fi. A hankali jan ya ja baya, ruwan ya ƙafe, naman ya haɗe. Ba a sake buɗe shi ba. Har yau in baƙi suka zo gidansu ya soma labarin Mai Ɗumi, sai a ji kofuna suna ƙara a hannun Doguwa a kicin.

Mai Ɗumi, ke ce mai zama inda kowa ke sauri. Ke ce kika gane cewa wanda aka tsaga wa ƙirji tsoron sanyin hannu yake ji kafin tsoron allura. Ba ki taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, amma akwai mutane da yawa da ke ɗaga jikokinsu sama a yau da ƙirjin da kika zauna kika lallaɓa.

Mun gode, Mai Ɗumi. Allah Ya ba ki hutu mai lafiya, Ya haɗa ki da hannu irin naki ranar da kike buƙata. Masu tasowa a wannan aiki kuma, kada ku raina zaman gefen gado, ku koya tun tana kusa.

Ranar da ma'aikatan ɗakin suka taru don yi mata ban kwana, Doguwa aka sa ta yi magana. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce ta ƙare ƙuruciyarta tana neman laifin matar nan ba ta samu ba, kuma wannan ma ba ta yafe mata ba. Aka kwashe da dariya, ita kuwa idonta ya cika da ƙwalla. Mai Ɗumi ta jawo ta gefe ta ce ta kula mata da mai gadon bakin taga, ɗinkinsa bai gama kamawa ba.

"Na riga na duba shi," in ji Doguwa. "Je ki gida, Yaya."