Gaisuwar Mutuwar Baba Leung

Scholastica 'yar Kafanchan ce, mai aikin kula da tsofaffi a garin Salford, can ƙasar Turawa, mace mai baki kamar rediyo. Amma a gidan Baba Leung da matarsa, mutanen Hong Kong, bakin nan bai yi mata rana ba, don tsohuwar ba ta jin Turanci ko kaɗan. Shekara biyu da hannu suke hira, da kofin shayi.

Ranar da ta ɗauki hutu ta tafi biki can Perry Barr, nesa da Salford, ranar Baba ya faɗi a banɗaki, rai ya yi halinsa. Wayyo! Da tana nan, ai da ta riƙe shi. Ko Mama Leung laifinta take gani? Kuma a ce ta shiga gidan makoki ba ta ce "ya haƙuri" ba? Haba, ba haka aka tarbiyyantar da ita ba.

Ta tare Ka-yan, abokiyar aikinta 'yar Hong Kong.

"Taimake ni, 'yar'uwa. Me ake ce wa masu makoki a yarenku na Kantonis?"

"Jit oi son bin," in ji Ka-yan. "Wato a sassauta baƙin ciki, a karɓi abin da ya zo. Maganar manya ce. Sau ɗaya, murya ƙasa, ki rusuna. Kuma iyalan mamaci kaɗai ake gaya wa."

Kwana shida baiwar Allah tana bita, a bas, a kicin, har yaranta suka haddace suna tsokanarta. Ita ko murmushi babu. Tsoro take ji ƙwarai kada tsohuwar ta kau da kai.

Ranar jana'iza ta bi layin masu gaisuwa. Ta isa gaban Mama Leung, ta rusuna, ta ce, "Jit oi..." Shi ke nan, sauran ya maƙale. Sai kuka, irin na gida, mai sauti, har mutane suka waiwayo. Kunya kamar ta nutse.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta kamo hannayenta biyu, waɗanda suka shekara biyu suna yi wa mijinta wanka, ta matse su a ƙirjinta.

"Jit oi son bin," ta ce wa Scholastica, murya ƙasa, sau ɗaya.