Akushin da Ke Komawa Wayam

Salamu alaikum, abokan hira. Na daɗe ban leƙo nan ba, har wani ya rubuto yana tambaya ko an yi sadakar bakwai. Ba a yi ba tukuna. Ina nan Gidan Rumji, a zaurena, sai dai ba dukana ne ke zaune ba.

Mantuwa ce ta kama ni.

Da fari abin dariya ne. In yi ta neman hula tana kaina. In gai da maƙwabci, in juya in sake gaishe shi. Kowa ya ce tsufa ne, ni ma na yarda, don shi tsufa jaki ne, duk kayan da aka ɗora masa ɗauka yake. Sai tafin ƙafata ya fara yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Sai na tsaya a sallar la'asar ban san raka'a ta nawa nake ba.

Ranar da dariya ta ƙare, ɗiyata Rabi ce ta kawo mini ruwa. Ita ke riƙe da ni tun rasuwar uwarta. Na dube ta na ce, "Baiwar Allah, daga wane gida?"

Ta ajiye kwanon a hankali. "Baba, ni ce."

Na ce to, ta gaya wa Inna ta fito mini da rigata, mushe, malaminmu na boko, ya ce 'yan lakol duka su je buron kwamanda, wato ofishin mai mulkin gari, yau za a ɗaga sabuwar tuta.

Inna, mahaifiyata, ta rasu tun ba a haifi Rabi ba. Tutar kuwa ta mulkin kai ce. Shekarun nan sun dawo mini tas, har ƙamshin ƙuli-ƙulin da Inna ke toyawa bayan ta matse man gyaɗa. Abin da na karya da shi da safe kuwa, babu.

Daga likitan garinmu aka tura mu Maraɗi. Layi tun hantsi, awon jini, ɗibar jini, sannan hoton kai wanda ya cinye ragon da muka tanada don layya. Likitar mace ce, ba ta kai Rabi shekaru ba. Ta faɗi sunayen abubuwa uku ta ce in riƙe. Ta ɗan ja ni da hira, ta ce in maimaita. Ni da na haddace tatsuniyoyin kakata tun ina yawo ba wando, ko ɗaya ban kawo ba. Tsoron da na ji a kujerar nan ban taɓa jin irinsa ba.

Ta tambayi Rabi ko ina cin abinci.

"Yana ci, likita. Kullum akushinsa wayam yake komowa."

Ta dubi sikeli, ta dube ni. "Baba, kai ke cinyewa?"



Ga yadda abin yake. A shekarun nan na tuta, in an fito wa mahaifina da akushi zaure, loma biyu yake yi daga gefe, ya tura wa baƙi. Man shanun da ke sama, da ɗan kifi in an samu, na baƙo ne. Yakan ce, "Mai gida ba ya lasar akushi." Na tashi da wannan, na tsufa da shi. Abin da ban lissafa ba, shi yana wuni gona da gyaɗa cike da aljihu, ya koma ciki ya tarar da fura da nono. Ni ma matata ta san halina, takan ajiye mini wani kwano a ɗaki. Ta rasu ba ta gaya wa kowa ba, ni kuma ina zan iya buɗe baki in ce wa ɗiyata ina jin yunwa? Shekaru na yi a kan shayi da koko da gefen tuwo, abokan zaure suna ta yaba hannun Rabi.

Likita ta ce jinina ya rasa wani abu da ake samu a ƙwai da nono da kifi da nama. Ta ce, "Ƙwaƙwalwa ba ta san kawaici ba, Baba. Tana son abinci, tana son mai mai kyau. Gyaɗa, riɗi, kifi."

Na ce, "'Yata, abin da ya tafi zai dawo?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce wani zai dawo da allura da abinci. Amma hoton ya nuna akwai na tsufa a ƙarƙashi, wanda abinci bai warkarwa, sai dai ya rage masa sauri.

Na sha allurai har na daina ƙirgawa. Yanzu Rabi kan zauna gabana sai na cinye, kamar jandarma. Ƙafa ta yi sauƙi. Sallata ta daidaita. Yawancin safiya ina gane ta.

Amma in na ɗauko tatsuniya, sai in tarar da kai da wutsiya, tsakiya babu. Fuskar matata ta ɓace mini, sai muryarta. Wata rana nakan kira Rabi da Inna, ita kuma ta amsa, ba ta gyara mini. Wannan amsawar ta fi allura zafi. Na san inda hanyar ta nufa, ba na ruɗin kaina.

Duk da haka na gode wa Allah da ya ba ni wannan sararin. Na gode wa likita, da maƙwabcin da ya kai mu tasha, da ku da kuka yi cigiyata. Rabi kuwa, Allah ya ba ta masu yi mata.

Ku masu tsofaffi a gida, kada ku dubi akushi, ku dubi bakin. Ku sa musu ƙuli a miya, ku dama fura da nono, ku dafa ƙwai ku tsaya a ci a gabanku. In mantuwa ta fara, ku je likita tun tana abin dariya.

Roƙona ɗaya ne. In kun gamu da ni a kasuwa, kada ku riƙe hannuna kuna cewa, "Ka gane ni?" Ku faɗi sunanku da na mahaifinku kawai. Zan yi murna da ku, ko da sabon sani ne.