Guntun Rigar Ka'aba Da Na Shayar Da Matata

A wancan lokaci liman ake kirana. Na zo Umara a farkon shekarun casa'in na ƙi komawa, na zauna a unguwar Sa'alaba ba iƙama, wato takardar izinin zama, ina jan 'yan uwanmu Hausawa salla a wani ɗaki da muka mayar masallaci. Matata tana soya ƙosai tana sayar wa leburori. Ni kuwa wata cuta ce ta shiga zuciyata, neman kayan tabarruki. Duk inda na ji an ce akwai ƙasar kabarin wani bawan Allah ko carbin wani shehin dā, sai na taka har unguwar Waziriyya ina cigiya. Akwatina ya cika, mutane suka fara zuwa neman albarka, ina jin daɗin yadda suke rusuna mini.

Abin da na fi ji da shi wani baƙin ƙyalle ne mai zaren zinariya, bai wuce tafin hannu ba. Wanda ya kawo mini ya rantse guntun rigar Ka'aba ne. Da matata ta fara ciwon ciki tana ramewa, ta roƙe ni in kai ta asibiti ko da za a kama mu a mayar da mu gida. Na ce mata ta yi haƙuri, maganinta yana cikin ɗakin nan. Kullum sai in jiƙa ƙyallen a ruwan zamzam in ba ta, ta sha, don ba ta taɓa musa mini ba. Wata huɗu muna haka. Ranar da maƙwabta suka ɗauke ta da ƙarfi, likita ya ce halas, wato shi ke nan, an makara. Haka Allah Ya yi mata rasuwa.

Ana zaman makoki wani tela ɗan Chadi ya zo ta'aziyya, ya hangi ƙyallen a kan akwati. Ya ɗauka ya duba bayan ƙyallen, fuskarsa ta canza. Ya ce aikin hannunsa ne, adon bango yake ɗinkawa, bai san ana yanyankawa ana sayarwa da sunan Ɗakin Allah ba. Ya fashe da kuka. Ni ko hawaye ban iya ba.

Na ci gaba da limanci, baki na motsi, zuciya ba kowa. Nakan tambayi kaina ko duk abin da na yi imani da shi irin wannan ƙyallen ne. Wata rana a sallar La'asar Fatiha ta maƙale mini, na jawo wanda ke bayana ya ci gaba da jan sallar, na fita. Kusan shekara goshina bai taɓa ƙasa ba, ina wankin motoci a unguwar Madain Fahd inda ba a san ni ba.

Surukata ce ta nemo ni da ta zo Hajji. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ce ai ta sani, 'yarta ta aika mata saƙo a kaset cewa ta gane ƙyallen ba ya magani, tana sha ne kawai don kada in ji kunya a gaban mabiyana. Sannan ta ce Allah bai yaudare ni ba, ni na yaudari kaina. Ranar na yi alwala ina kuka.

Na koma salla, amma a sahun baya, kuma ban sake yarda a kira ni liman ba. Na gane ba Allah nake nema a akwatin nan ba, girma nake nema. 'Yan uwa, ku yi addu'a, amma idan mara lafiyarku ya ce a kai shi asibiti, ku tashi ku kai shi a ranar.