Farcen Mai Gyaran Silinda

Ina zaune ina jiran a gama min gyaran mota, idona na kan wani dattijo a garejin da ke kallonmu, inda ake gyaran motocin ɗaga kaya. Gajere ne, rigarsa ta sha baƙin mai har launinta ya ɓace. Amma farcen ƙaramin yatsansa dogo ne, fari tas, kamar aro ya yi. Ina jin ko abinci zai ci, ɗage yatsan nan yake yi.

Ya zare sandar silinda mai sheƙi, ƙarfen da ke ɗaga hannun motar, wadda ta fi shi tsawo, yana bin ta da farcen, idonsa a rufe.

Direban ƙugiyar, wato motar ɗaga kayan da ake gyarawa, ya ƙosa. "Baba, roba kawai za ka canza, mai ya daina yoyo."

"Akwai ƙwarzane a nan, ɗana. Sati guda zai cinye sabuwar robar, kaya na sama, mutane na ƙasa."

Direban ya shafa wurin, bai ji komai ba. Dattijon ya yi dariya.

"Shekara talatin matata tana bi na da reza don ta yanke farcen nan. Ranar da ta yi nasara, kada ka sake tsayawa ƙarƙashin ƙugiya."