Sanƙo a Rahoton Manaja

Dattijo ne a ofishin wani kamfanin sabulu, hula ta zame ƙeya, biro maƙale a kunne. Da gani ya tsufa yana ƙirga kwalaye da ido, ga shi yau an haɗa shi da manhajar da ke zaƙulo rahoto daga rumbun bayanan kamfanin. Yana taɓa kwamfutar kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Rahoto ya fito tsaf.

"Baba, danna nan ka tura wa manaja," in ji sakatariya.

"Ke 'yar nan, in na danna kayan mutane suka zube, wa zai kwashe?"

Sai ya zaro waya, ya ɗauki hoton gilashin kwamfutar, ya tura. Ko lamba ɗaya ba ta fito ba, amma sanƙonsa ya fito raɗau a ƙyallin gilashin.